Yadda Ake Zaɓen Adaftar Wi-Fi ta USB Wadda Kwamfuta Za Ta Karɓa Kuma Ta Kamo Sigina Daga Nesa

A wani shagon buga takardu da rajistar ɗalibai a Birnin Kebbi na taɓa tarar da adafta huɗu jibge a aljihun tebur, dukansu sababbi fil, amma babu wadda ta biya wa mai shagon buƙata. Ya saye su ne ɗaya bayan ɗaya domin ya haɗa wata tsohuwar kwamfutar tebur da rawutar da ke ɗakin gaba, kuma duk wadda ta ƙi sai ya koma kasuwa ya nemi wadda lambar da ke jikin kwalinta ta fi girma. Biyu daga ciki kwamfutar ba ta ma san an jona su ba, domin ba su da direban da ya dace da Windows 7 ɗin da ke kanta. Sauran biyun ta gane su, sai dai an soka su ne a bayan akwatin ƙarfe na kwamfutar, an tura akwatin ƙarƙashin tebur har ya manne da bangon siminti, saboda haka sigina ba ta wuce sanda ɗaya, ita ma tana zuwa tana ɓacewa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da ya kashe sun isa su saya masa adafta ɗaya mai kyau har da igiyarta, ga kuma ɗaliban da suka riƙa juyawa zuwa wani shagon a tsakiyar lokacin rajista.

Tambayoyi biyu ne suke raba gardama wajen sayen wannan na'ura: shin babbar manhajar kwamfutarka za ta iya magana da ita, kuma shin za ta iya jin rawuta daga inda za a ajiye ta? Manyan lambobin da ake bugawa a gaban kwali ba sa amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Kafin komai, a bambance ta da modem. Dukansu suna kama da fulas, kuma a kasuwanninmu sau da yawa suna ɗaya ake kiran su da shi. Modem ana saka masa layin MTN ko Airtel ko Glo, shi da kansa yake kamo intanet daga turken kamfanin waya. Adaftar Wi-Fi kuwa ba ta ɗaukar layi, ba ta kuma samar da data; aikinta kawai ta haɗa kwamfuta da wani abin da ya riga ya samu intanet, ko rawuta, ko MiFi, ko hotsifot na waya, ko Wi-Fi na makaranta da ofis.

Cif ɗin da ke ciki shi ne abin dubawa

Sunan da ke jikin kwali, TP-Link ne ko Tenda ko D-Link ko Alfa, sunan wanda ya harhaɗa na'urar ne. Ainihin mai aikin wani ɗan ƙaramin cif ne da ke ciki, kuma kamfanoni ƙalilan ne suke ƙera shi: Realtek, da MediaTek wanda ya haɗiye Ralink a 2011, da Atheros wanda Qualcomm ya saya a wannan shekarar. Direba, wato manhajar da ke tafinta tsakanin kwamfuta da na'ura, cif ake rubuta wa shi. Don haka adafta biyu masu suna daban za su iya aiki da direba ɗaya, haka nan adafta biyu masu suna ɗaya sak za su iya buƙatar direbobi mabambanta.

Misalin da ya fi shahara shi ne TP-Link TL-WN722N. Fitowar farko, wadda ake rubuta wa V1, tana ɗauke da Atheros AR9271, wanda babbar manhajar Linux take ganewa nan take ba tare da an girka komai ba. Fitowa ta biyu da ta uku, V2 da V3, suna ɗauke da Realtek RTL8188EUS, wanda labarinsa daban ne. Kwali kusan iri ɗaya, eriya iri ɗaya, suna ɗaya. Ɗalibai da yawa masu koyon tsaron intanet sun sayi V3 bisa shawarar da aka bayar game da V1, suka ƙare da ciwon kai. Saboda haka a juya kwalin, a nemi ƙaramar takardar da ke kusa da lambar kaya, a karanta lambar fitowar kafin a biya.

Idan mai shago ya yarda a jona ta, kwamfuta da kanta za ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki. A Windows ana buɗe Device Manager, a danna sunan na'urar, ko da ta fito da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Za a ga rubutu mai VID, wato lambar kamfani, da PID, wato lambar na'ura, kowanne da haruffa huɗu. 0BDA lambar Realtek ce, 148F ta Ralink, 0E8D ta MediaTek, 0CF3 ta Atheros, 2357 kuma ta TP-Link ce da kanta. Wanda ya ga 148F tare da 7601 ya san MT7601U ce a hannunsa. Wanda ya ga 0CF3 tare da 9271 ya san AR9271 ce. A Linux umarnin lsusb yake nuna waɗannan lambobi. Da su ake neman direba, kuma sun fi kowane rubutu na kwali amana.

Ga mai Windows 10 ko Windows 11, lamarin da sauƙi. Yawancin adaftocin da suka daɗe a kasuwa ana jona su suke kamawa, wasu kuma sai Windows ta sauko da direbansu daga intanet. A nan ne ake shiga tsaka mai wuya, domin intanet ɗin ake nema, ga shi sai da intanet za a samu direban. Mafita ita ce a haɗa wayar Android da kwamfutar ta igiyar caji mai ɗaukar data, a kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, a bar kwamfuta ta sauko da abin da take buƙata. Ba na ba da shawarar dogaro da ɗan faifan da ke zuwa a kwali, saboda kwamfutoci da yawa yanzu ba su da wurin saka faifai, direban da ke kai kuma galibi ya tsufa.

Mai Windows 7 shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan, kuma ba kaɗan ba ne a shagunanmu da makarantunmu daga Jega zuwa Argungu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, kuma masu ƙera sababbin adaftoci, musamman na Wi-Fi 6, da yawa ba sa fitar mata da direba kwata-kwata. Irin wannan kwamfuta tsohuwar adafta ce ta dace da ita, mai RTL8188 ko MT7601U ko RT5370, ko mai zango biyu, wato gigahaz 2.4 da 5, irin RTL8811AU. A kuma duba ko Windows ɗin mai bit 32 ce ko mai 64, domin direban ɗaya ba ya hawa ɗayar. Ita kanta Windows 10 wa'adin tallafinta na yau da kullum ya tsaya a 14 ga Oktoban 2025, don haka mai sayen adafta don shekaru masu zuwa ya tabbatar shafin kamfanin ya ambaci Windows 11.

Linux tana da nata tsarin. Direbobi da yawa suna zuwa ne a cikin zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel, kuma adaftar da direbanta ke cikin kanel ita ce kwanciyar hankali: a jona, a zaɓi sunan rawuta, a saka kalmar sirri. AR9271 da RT5370 da RT3070 sun daɗe a ciki. MT7601U ta shiga tun kanel 4.2, MT7610U da MT7612U masu zango biyu sun shiga a 4.19, MT7921AU ta Wi-Fi 6 kuma tana buƙatar 5.18 ko sama. Realtek ta fi wahalar da mutane a baya, ko da yake RTL8821CU da RTL8822BU sun samu shiga daga 6.2. Amfanin sanin wannan shi ne Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ta fito ne da kanel 5.15, ita kuwa 24.04 da 6.8, ke nan adafta ɗaya za ta iya kamawa a wannan ta ƙi a waccan. Umarnin uname -r yake nuna lambar kanel. Akwai direbobin da ake saukowa daga waje a harhaɗa da hannu, suna kuma aiki, amma duk lokacin da aka sabunta kanel suna iya karyewa, sai mutum ya wayi gari babu intanet ɗin da zai gyara da shi. A ra'ayina, mai Linux da ba ya son wannan wahala ya nemi MediaTek ko Atheros tun farko, ko da sun ɗan fi tsada ko sai an aiko masa daga Kano. Wata ɗabi'a kuma da ya kamata a sani: wasu adaftocin Realtek suna fara bayyana a matsayin faifan CD mai ɗauke da direban Windows, da lamba 0BDA:1A2B, kuma sai manhajar usb_modeswitch ta juya su kafin Linux ta gan su a matsayin Wi-Fi.

Mai kwamfutar Apple kuwa, gara ya riƙe kuɗinsa. Tun daga macOS Big Sur na 2020, da kwamfutocin da ke amfani da cif ɗin M1 da na bayansa, yawancin adaftocin USB ba su da direban da ke aiki, kuma kalmar Mac da ke jikin kwali galibi tsofaffin fitowa take nufi, zuwa macOS 10.15. Idan Wi-Fi na cikin irin wannan kwamfuta ya lalace ko bai kai ba, abin da ya fi shi ne ƙaramar rawuta mai kamo Wi-Fi ta miƙa wa kwamfuta ta igiyar Ethernet. Haka ma risibar tauraron ɗan'adam da ke karɓar adafta: da yawansu RT5370 ko MT7601 kaɗai suka sani, sai a duba littafinsu.

Abin da ke kawo nisa

Wi-Fi hira ce tsakanin ɓangare biyu. A ɗauka mutum biyu ne, ɗaya a wannan gaɓa ta kogin Matan Fada, ɗaya a waccan. Idan aka ba ɗaya lasifika, na tsallake zai ji shi sarai, amma idan na tsallaken ya amsa da muryarsa ta yau da kullum, amsar ba za ta iso ba, hira kuma ba ta yiwu ba. Adaftar da aka rubuta wa dubban miliwat a kwali lasifika ce kawai: tana ƙara ƙarfin abin da take aikawa, ba ta ƙara ƙarfin abin da ƙaramar MiFi ke maido mata. Eriya ce take taimakon ɓangarorin biyu, domin ribarta tana aiki wajen aikawa da wajen ji baki ɗaya. Don haka idan nisa ake nema, eriya ake fara kallo, da kuma inda za a kafa ta.

Ƙananan adaftocin nan masu girman farce, waɗanda da ƙyar suke leƙowa daga jikin kwamfuta, eriyarsu wani ɗan zane ne na tagulla a kan allon ciki. Suna da amfani ga kwamfutar tafi-da-gidanka da ke ɗaki ɗaya da rawuta, ko ɗakin da ke maƙwabtaka da shi. Ban da ƙarancin ji, suna saurin ɗaukar zafi, kuma a bazarar Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, ba abin mamaki ba ne a ga irinsu suna yankewa a tsakiyar sauko da babban fayil. Wanda ke da bango biyu ko tsakar gida tsakaninsa da rawuta ya nemi mai eriyar sanda, kuma mafi kyau wadda ake kwancewa, mai mahaɗin da ake kira RP-SMA, domin gobe zai iya sauya ta da wadda ta fi.

Ana auna ribar eriya da dBi, kuma akwai lissafin da ya kamata mai saye ya riƙe. Ƙarin dB 3 yana nufin ninka ƙarfi sau biyu, amma a fili fetal sai an samu ƙarin dB 6 kafin nisa ya ninka. Ke nan tashi daga eriyar dBi 2 zuwa ta dBi 5 yana ƙara nisa da kusan kashi 40 cikin 100 a fili, a cikin gini kuma bai kai haka ba. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara shi take yi. Ta sanda mai riba kaɗan tana watsa sigina kamar ƙwarya, ta sama da ƙasa da gefe. Mai riba da yawa, irin ta dBi 9, tana baje ta kamar faifai, ta tafi nesa a miƙe amma ta rasa abin da ke sama. Wanda rawutarsa ke saman bene shi kuma yana ƙasa zai iya ganin doguwar eriya ta rage masa maimakon ta ƙara. Idan kuwa wuri ɗaya tak ake son kamowa, misali daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa ginin da ke fuskantarsa, eriya mai fuska ɗaya ta fi, wadda ake saita ta kamar tocila. Ba sai an faɗa ba, Wi-Fi ɗin da za a kamo ya zama wanda aka ba mutum izini.

Sai batun zango. Wi-Fi na gida yana aiki a gigahaz 2.4 da gigahaz 5, sababbi kuma har da 6. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango da tafiya nesa, amma yana da cunkoso, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga Bluetooth yana rabawa da shi. Zangon 5 ya fi gudu da sarari, amma bango yana cinye shi da wuri. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajenmu, musamman da damina idan ta sha ruwa, tana rage sigina sosai, haka ma bulo da siminti. Ƙarfe kuwa, ƙofa ce ko kwano ko ragar taga, kusan tare ta yake yi. Har ganyen dogon yaro da ke tsakar gida yana da nasa tasiri idan ya yi duhu. Shawarata ita ce a sayi mai zango biyu idan hali ya yi, amma a fara duba abin da za a haɗa da shi, domin MiFi da yawa masu araha 2.4 kaɗai suke fitarwa, kuma adafta ba ta iya kamo zangon da ba a watsa ba. A Windows, zangon 6 yana buƙatar Windows 11 da rawutar da ta san shi, ba shi ne na neman nisa ba.

Abin da ya warware matsalar shagon da na ambata bai kai kuɗin adafta ɗaya ba. Igiyar ƙari ce ta USB mai tsawon mita uku. Muka zare ɗaya daga cikin adaftocin da kwamfutar ta gane, muka jona ta a bakin igiyar, muka ɗaure ta da zare a saman ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu, eriya a tsaye. Sanda ɗaya ta koma huɗu, shafin rajista ya buɗe ba tare da tsayawa ba. Ƙa'idar USB 2.0 ta yarda da igiya har mita 5, fiye da haka sai mai ƙaramin amfilifaya a ciki. Tsawaita igiyar USB ya fi tsawaita igiyar eriya, domin siririyar igiyar eriya tana shanye sigina a kowace mita. Akwai ƙarin dalili: mahaɗin USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana fitar da hayaniyar lantarki da ke damun zangon 2.4, abin da Intel ta yi bayaninsa tun 2012, don haka nisanta adafta daga jikin kwamfuta yana rage wannan ma.

Ana iya auna wuri tun kafin a saya. Manhajojin waya na kyauta suna nuna ƙarfin sigina da dBm, lambar da ke zuwa da alamar ragi. Kusa da -50 yana da kyau ƙwarai, -67 ya isa kiran bidiyo, -80 kuwa ana gab da yankewa. A zaga da waya zuwa taga, da saman ƙofa, da kusurwar ɗaki, a ga inda lambar ta fi kyau. Nan ne mazaunin adafta. Idan ko'ina a ɗakin ya wuce -80, to a haƙura da adafta, a ja igiyar Ethernet, wadda take kai mita 100, ko a matso da rawutar.

Lambobin kwali da ranar saye

N150 da N300 na Wi-Fi 4 ne, ƙa'idar 802.11n ta 2009, kuma galibi zangon 2.4 kaɗai suke yi. AC600 da AC1200 na Wi-Fi 5 ne, kuma lambar jimla ce ta zango biyu: AC1200 na nufin megabit 300 a ɗaya da 867 a ɗayan, alhali adafta zango ɗaya take hawa a lokaci guda. Gudun da ake samu a zahiri yakan tsaya wajen rabin abin da aka rubuta ko sama kaɗan, a kusa da rawuta. Tunda intanet ɗin da MiFi ke kawowa galibi bai kai ko wannan rabin ba, ƙarin kuɗi a kan babbar lamba bai kai ƙarin kuɗi a kan eriya amfani ba.

A je shago da kwamfutar idan mai ɗaukuwa ce, a ce wa mai kaya, “Alhaji, don Allah a ba ni dama in gwada ta a nan kafin in biya.” A kunna hotsifot na waya, a ba wani ya riƙe ta ya yi nisa zuwa bakin titi, a ga ko haɗin zai tsaya. A Windows umarnin netsh wlan show drivers yana nuna ƙa'idojin da adaftar ta iya. Idan kwali ya ce AC amma ba a ga 802.11ac ba, akwai magana. Idan kwamfutar ta tebur ce, a yi yarjejeniyar musaya a fili tun kafin kuɗi su sauya hannu, a kuma adana kwalin.

Bayan an kai gida, matsaloli uku ne suka fi yawa, kuma babu wadda ke nufin adaftar ta lalace. Idan tana ganin sunan rawuta amma ta ƙi shiga duk da kalmar sirri daidai ce, mai yiwuwa rawutar tana kan tsaron WPA3, wanda ya fito a 2018, tsohon direba kuma bai san shi ba. Sai a mayar da ita WPA2 ko haɗakar biyun. Idan waya tana ganin rawutar amma adafta ba ta gani, a duba ko rawutar ta hau tasha ta 12 ko 13, waɗanda wasu adaftocin da aka saita don Amurka ba sa dubawa, a tsayar da ita a 1 ko 6 ko 11. Idan kuma haɗin yana yankewa duk lokacin da aka ɗan bar kwamfuta, Windows ce take kashe na'urar don tattalin wuta. A koma Device Manager, a buɗe Power Management na adaftar, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta, sannan a zare ta a sake jonawa.